Ƙwaryar Sulhu da Ciwon da Hamma Ya Ɓoye

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. A ƙarshen daminar bana, a kan yayana aka sake tuna mana da wannan.

Mun binne shi ranar Laraba bayan azahar. Kafin mu dawo daga maƙabarta layinmu na Nassarawo ya cika, har masu keke suka daina shigowa, suna sauke mutane a bakin titi. Fataucin shanu ya kai ni garuruwa da yawa, na zauna zaman makoki a Marwa da Njamena da Ikko, amma ban taɓa ganin inda aka yi gaisuwar mutuwa da harsuna masu yawa kamar ranar ba. Fulanin ruga suka jingine sandunansu a bango suka zauna shiru. Manoma daga gefen Gella suka cika bas guda, fastonsu yana gaba da hularsa a hannu. Wata tsohuwa 'yar dutsen Michika, wadda ta yi shekara da shekaru tana maƙwabtaka da mu, ba ta gaida kowa ba. Ta wuce har gindin kujerarsa a zaure ta zauna a ƙasa, tana ta cewa da irin Hausarta, "Ɗana ya tafi, mama ya rage shi kaɗai." A shekarar da tashin hankali ya sa aka watse daga garin namu na Mubi, yayana ne ya sauke buhunan masararsa daga mota ya ɗora ta a wurinsu.

Ɗan kawunmu, wanda tun suna yara suke wasan taubasai da shi, ya shigo yana ɗaga murya.

"Ina ragon nan? An ce ka raba faɗa, ka je ka miƙe ƙafa ka kwanta! Tashi ka ba ni gorona!"

Mutane suka fara murmushi. Shi kuma sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Mu dai Hamma muke ce masa, yadda ake kiran babban wa a gidajenmu. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta jauro mai unguwa. Amma duk inda shanu suka shiga gona, daga Kolere har bayan Gella, kafin a tuna da 'yan sanda shi ake fara aika wa. Kwana ɗaya kafin rasuwarsa ma daga irin wannan aiki ya dawo. Shanun wani Arɗo sun yi ɓarna a gonar dawa, har an fasa wa wani kai. Hamma ya je ruga ya sha fura, ya je gidan mai gona ya sha kunu, ya daidaita su a kan cewa bayan girbi shanun za su kwana a gonar har ta ƙoshi da taki. Washegari da hantsi ya faɗi.

Kwana biyu da binne shi magana ta fara yawo. Samarin manoma suka ce a furar ruga aka sa masa wani abu. Samarin ruga suka ce a kunun ne, amma muryarsu ba ta kai ta waɗancan ba. Matar Arɗo, wadda ita ta dama furar da hannunta, ta kawo nono kasuwa ta koma da shi ba wanda ya taya. Babban ɗan marigayin ya same ni a zaure, idonsa ja.

"Baffa, mutum ya fita da ƙafarsa lafiya lau, ya sha abu a hannun mutane, washegari a ce babu shi? In Arɗo ya zo addu'ar bakwai, ni ba zan ba shi hannu ba."

Na san abin da ya kashe Hamma. Mu uku muka sani: ni, da matarsa, da 'yarsa ta biyu wadda take aikin nas. Kuma na yi masa alƙawarin ba zan faɗa ba. Sulhun da ya yi na ƙarshe yana neman wargajewa a kan gawarsa, ana jifan wata baiwar Allah da kisan kai, ni kuwa ina zaune da amsar a bakina.

Sai an san yadda yake aikinsa kafin a gane dalilin wannan alƙawari.

Hamma ba ya tara masu rigima wuri ɗaya da farko. Gida gida yake bi. In ya isa sai ya zauna ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, ya tambayi saniyar da ta yi ɓari bara ko rijiyar da ta rufta. In aka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, amsarsa ɗaya ce: "Ban ga gonar ba tukuna." Duk abin da aka kawo masa kuma zai sha har ƙasa, ya kife ƙwaryar a gabansa kowa ya gani. In ya je ɗaya gidan haka zai yi. Mutane suna lura da wannan fiye da yadda suke lura da maganarsa. Kafin ya iso gida na biyu, labari ya riga shi zuwa cewa ya shanye na gidan farko. Ya taɓa ce mini, "In na sha na wannan na rage na wancan, na yanke hukunci ke nan tun ban buɗe baki ba."

Da yake mutanenmu suna girmama baƙo da zaƙi, duk abin da za a miƙa masa an riga an narka suga a ciki har cokali yana neman tsayawa. Fura a nan, kunun gyaɗa a can, shayi mai kauri da madara, kwalbar lemo mai sanyi in mai gidan yana son a san ya yi ƙoƙari. A lokacin kaka, da rigingimu suka fi yawa, yakan zaga gida huɗu ko biyar a wuni.

Shekara tara da suka wuce na lura ya rame, buta ba ta rabuwa da hannunsa, ƙishirwa kuma ba ta barinsa. Na matsa masa muka je asibiti. Likitan ya duba takardar gwajin, ya ce ciwon suga ne, kuma jininsa ya hau. Ya ɗauki biro ya zana masa wani abu kamar tiyon ruwa.

"Baba, ka ga wannan? Jijiyar jini ce. In suga ya yi yawa a jini, a hankali yake cinye bangonta, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta matse. Hawan jini kuma yana ƙara mata wahala. Har da jijiyoyin da suke ciyar da zuciyar kanta. Masu wannan ciwo da yawa ta zuciya yake kayar da su."

Ya rubuta masa magani iri uku: na suga, na hawan jini, da na rage kitsen jini. Ya ce ya rage zaƙi da gishiri da maiƙo, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya riƙa zuwa awo. Hamma ya ce, "To, likita, Allah ya yi albarka." Muna fitowa ƙofar asibiti ya kama hannun rigata.

"Wannan magana ta tsaya a nan."

"Hamma, ciwo ne fa, ba sata ka yi ba."

"In aka ji, kowane gida za a fara dama mini nawa daban. Wanda ake dama wa nasa daban baƙo ne, ba ya raba 'yan gida. Daga nan sai a ce tsoho ya gaji, a bar shi ya huta. Ka yi mini alƙawari."

Na yi masa. Yayana ne, tun ina ƙarami ban saba ce masa a'a ba.

A gida ya kiyaye, wannan zan shaide shi. Matarsa ta daina sa masa suga a koko, ta rage mai da magi a miya, shi kuma bai taɓa yin ƙorafi ba sai dai ya ce, "Yau ma miyar asibiti muka samu?" Maganin suga yana sha kullum bayan sallar asuba. Sauran biyun ne ya ajiye. 'Yarsa ta yi magana har ta gaji.

"Baba, su ukun tare suke aiki."

"An ce suga gare ni, ina shan na suga. Zuciyata me ta yi? Da ita nake hawa duwatsun Gella tun ba a haifi likitan naki ba."

A ganinsa kowane ciwo da ɗakinsa, suga yana nasa, zuciya tana nata, ba ƙofa a tsakani. Kuma tunda hawan jini ba ya sa masa ciwon kai, sai ya ɗauka ya sauka.

Na zauna a Jidda shekaru kaɗan. A can na ga tsofaffi a majalisa, mutum ya ciro ɗan injin awo daga aljihu ya huda yatsa a gaban kowa, kamar mai duba agogo. Mai gida zai tambaye ka kafin ya zuba shayi, da suga ko babu, ba wanda yake jin an raina shi. A Marwa ma, da ba ta da nisa da mu, na ci abinci da wani attajiri da ya ture kwalbar lemo ya ce ciwonsa ya hana, aka ci gaba da hira. Na ba Hamma waɗannan labarai ba sau ɗaya ba. Sai ya ce, "Su can ba su da shanu a gonar kowa."

Faɗa mafi girma da muka taɓa yi da shi a kan wannan ne, shekara biyu da suka wuce. Na raka shi wani sulhu a Kolere. An yi ruwa, hanya ta lalace, keke ya ajiye mu nesa muka ƙarasa da ƙafa. A idona ya shanye fura ƙwarya guda, ya shanye kwalbar lemo biyu a gida na gaba, ya ɗora da shayi. A hanyar dawowa ya tsaya sau uku. Gari ba zafi amma zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya dafa bishiya yana murza ƙirji.

"Furar ce ta tsaya mini," in ji shi.

"Ba fura ba ce, Hamma! Kashe kanka kake yi saboda kunyar ƙwarya!"

Ya ɗago ya dube ni.

"Kai da ka yi shekara talatin kana bin bayan tirela, yau ka dawo za ka koya mini zama da mutanen Mubi? Da kana can kana cin shinkafar Larabawa, wa ya hana a ƙona rugar bakin kogi?"

Na ce masa in ya mutu ruga da gona duk za su ci gaba da faɗansu. Ya ce to in bari ya mutu tukuna. Juma'a uku ba mu yi magana ba, muna sallah a sahu ɗaya. A ta huɗu sai ga shi a ƙofar gidana da hantsi. Ya zauna, ya tambayi jikokina da sunansu, ya tambayi ƙafata da take kumbura. Bai ambaci Kolere ba. Da zai tafi ya ce, "Maganar nan tana nan inda muka bar ta?" Na ce tana nan. A ranar na ji daɗi mun shirya. Yanzu in na tuna, ranar ce ya kamata in ce masa ba ta nan.

Ranar Talatar ƙarshe ya dawo daga gefen Gella da la'asar, ya ce ya gaji, bai ci tuwo sosai ba. Da safe ya yi sallah, ya sha koko, ya fito zaure. Matarsa ta ce ya kira ta ya ce ta kawo masa ruwa, zufa ta dame shi, kuma haƙarƙarinsa da hannunsa na hagu sun yi nauyi kamar ya kwana a kansu. Ta ce a kira keke. Ya ce a bari rana ta ɗan yi sama. Da aka kira keken, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce.

'Yarsa ce ta buɗe akwatinsa bayan kwana huɗu. Ta kira ni ɗaki ta nuna mini. Maganin hawan jini da na kitse, wanda take kawo masa duk wata, yana jere cikin leda, kwali a kan kwali, ba a ɓare ko ɗaya ba. Yana karɓa ya sa mata albarka, ya ajiye.

"Baffa, ka san abin da ya fi ci mini rai?" ta ce. "Suga yana kashe jijiyoyin da suke kai wa mutum labarin ciwo. Wani in zuciyarsa ta kama zai yi ihu a ɗauke shi da gudu. Mai suga sau da yawa gajiya kawai zai ji, da zufa, da numfashi sama sama, ko ya ce abinci ne ya tsaya masa. Zuciyarsa ta daɗe tana yi masa magana, bai gane muryarta ba. Kwana nawa ne, Allah ya riga ya rubuta. Amma ga sababin a leda, Baffa. Ga shi nan."

Na tuna bishiyar Kolere.

Ana gobe addu'ar bakwai na shiga wurin matarsa da yamma. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu.

"Adda, kin ji abin da ake faɗa a gari."

"Na ji."

"Na yi masa alƙawari."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, kafin ta amsa.

"Tsoronsa kada a ce ya huta. To ya huta. Ba wanda zai ƙara dama masa komai, daban ko tare. Ita kuwa matar Arɗo tana da rai, tana da 'ya'ya mata da za a aura. In akwai zunubi a karya alƙawarin, mu raba, ni ma na yi masa shiru."

Ta tura mini ledar da ƙafar hannunta.

Washegari aka cika. Manoma suka zauna a gabas da rumfa, mutanen ruga a yamma, tsakaninsu fili kamar an share. Arɗo ya zo, tsoho ne dogo, ya zauna a bakin tabarma, ba wanda ya matsa masa. Da liman ya shafa fatiha na miƙe. Na zazzage ledar a tsakiyar filin.

Na ce, "Jama'a, Hamma yana da ciwon suga shekara tara, da hawan jini. Ni na kai shi asibiti. Wannan maganin da aka ba shi ne don ya tsare masa zuciya, bai sha ba. Ciwon ya bi jijiya a hankali har ya kai zuciyar. Ba a sa masa komai a fura ba, ba a sa masa komai a kunu ba. Ya hana mu faɗa don kada ku daina kiransa. In kuna neman wanda ya san abin da zai kashe shi ya yi shiru, ga ni."

Na faɗa da Hausa, na sake da Fulatanci, na sake da Gude, yaren manoman, don kada kowa ya ji ta bakin tafinta.

Taubashinsa ne ya fara magana.

"Amma wannan mutum an yi maƙaryaci. Duk azumi shi yake cinye mini dabino, ashe..." Bai ƙarasa ba.

Wani dattijo cikin manoma ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ni ma likita ya ce ina da shi. Maganin ya ƙare tun shuka, ban koma ba. Wai da gaske yana taɓa zuciya?" 'Yar marigayin ta amsa masa daga ƙofar zaure, ta ce da gaske ne, ya koma a gwada masa suga da jini tun yana jin ƙarfinsa, kuma kada ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Wani ya ce yayarsa ma haka. Faston ya ce a cocinsu ya san mutum uku. Na duba rumfar nan na ga ashe ba Hamma kaɗai ba ne yake shanye ƙwarya yana murmushi.

Babban ɗansa ya daɗe yana kallon kwalayen da ke ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ga rubutun ƙanwarsa a jiki, safe ɗaya dare ɗaya. Sai ya tsallaka filin ya durƙusa gaban Arɗo ya miƙa masa hannu biyu. Arɗo ya riƙe su bai saki da wuri ba.

Na ɗauka an gama. Mutane sun fara watsewa aka ce mini matar Arɗo tana son ganina. Na same ta a bayan zaure, wajen da mata suke ajiye takalma, tsohuwa ce ƙarama, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Da Fulatanci ta yi magana.

"Alhaji, na ji abin da ka faɗa. Allah ya saka. Amma ina da tambaya."

"Ina ji, Inna."

"Mu a ruga ba ma sa suga a fura. Nono ne da gero, shi ke nan. Ranar da aka ce zai zo ne kawai nake aikawa a sayo, don kada a ce babban mutum ya zo mun ba shi abu salam. Shekara ashirin ina yi masa haka. Duk zuwa ina ƙara cokali, don ina ganin yana shanyewa." Ta ɗago ido. "To ashe da gaskiyarsu. Ni na sa masa."

Na ce mata a'a. Na ce ƙwaryarta ɗaya ce cikin ɗaruruwa, kuma ba ƙwarya kaɗai ba ce, akwai hawan jinin, akwai maganin da ya ajiye, akwai mu da muka sani muka taya shi ɓoyewa. Na ce ita girmamawa ta yi, kuma a matsayin girmamawa ya sha.



"Da ya raɗa mini," ta ce, "da na dama masa babu suga a ƙwarya iri ɗaya da ta kowa. Wa zai sani? Wallahi har in mutu ba mai ji a bakina."

Shekara tara ni da Hamma muna gardama, ni ina cewa ya faɗa wa duniya, shi yana cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Ko sau ɗaya bai faɗo mana a rai ba cewa matan da suke dama furar za su iya riƙe masa sirri. Ta sa takalmanta ta tafi.

Allah ya jiƙan Hamma, ya yalwata masa kabari, ya sa wahalar da ya sha tsakanin gona da ruga ta zame masa haske. Ya yafe masa taurin kansa, ni kuma ya yafe mini shiruna.